Kalmomin Faransanci Masu Kama da Ingilishi: Jawabin Ofishin Magatakarda



Mai girma shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa direbobi, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. An ba ofishin magatakarda 'yan mintoci, za mu yi amfani da su a kan takardun Faransanci da kuke kawo mana daga Ɗan Isa, Birnin Ƙonni da Kuseri.

Kalmar da mutum bai sani ba sam ba ta cika cutar da shi ba, domin zai tambaya. Wadda ke cin kuɗinmu ita ce mai kama da Ingilishin da muka koya a makaranta. Mutum ya karanta, ya gyaɗa kai, ya sa hannu.

Ku ɗauki "délai". Wanda ya yi karatu a Najeriya zai ga kamar "delay" ce, wato jinkiri. A Faransanci wa'adi ake nufi. Idan takardar wucewa da kaya ta ce "délai" kwana 8, to kwana 8 aka ba ka ka kai kayan inda aka rubuta, in ka haura tara na jiranka. Shi jinkirin "retard" suke ce masa. Abokiyar tafiyarta ita ce "caution". Ba gargaɗi ba ne, jingina ce: kuɗin da aka ajiye, ko wanda ya tsaya maka, har ka cika sharaɗi. Wanda ya ɗauka ja masa kunne aka yi, yaushe zai koma neman kuɗinsa?

Direbobi, "pétrole" a can kananzir ne. Fetur "essence" ne, dizal kuwa "gasoil". "Location" haya ce, ba wuri ba. "Magasin" shago ne ko ɗakin ajiya, daga nan 'yan uwanmu na Nijar suka samo mangaza, babu ruwanta da mujalla. Masu atamfa da shadda, "large" faɗi ne kawai, ba girma ba.

Inda muka fi jin tsoro shi ne lissafi. A Najeriya in aka rubuta 2,500 dubu biyu da ɗari biyar ke nan. A takardar Faransanci wannan waƙafi shi ke raba cikakken adadi da guntunsa, don haka tan 2,500 tan biyu da rabi ne. Su dubu biyu da ɗari biyar suna barin fili ne, 2 500, ko su sa ɗigo, 2.500. Ku duba tazarar da ke tsakani, a kan alama ɗaya da ba ta kai ƙwayar gero ba. Kuma kada mu ɗora wa Faransanci laifin duka, Hausarmu ma tana yin haka. Jaka a Kano naira 200 ce, jika a Maraɗi sefa 1000. In mai albasa a can ya ce ɗari, dala ɗari yake nufi, wato sefa 500.

Wani zai ce ai tun 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Gaskiya ne, mun kuma yi murna. Amma Faransanci na nan cikin harsunan aiki, da shi ake cika takardun duwan, haka ma a Chadi da Benin da yawancin Kamaru.

Roƙonmu ga iyayenmu shi ne, duk cinikin da ya kai a rubuta, a sa adadin da lamba, a sake rubuta shi da kalmomi, a kuma faɗi ko naira ce ko sefa. Takardar da ke ɗauke da "délai" ko "caution" kuwa, a ɗauki hotonta a turo wa ofis ta WhatsApp kafin a sa hannu, za mu karanta mu kira mai ita.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.