Tsohon Injin Kafinta da Ya Sāke Tashi

Yau za mu ba ku labarin wani tsohon inji, da yadda muka yi fama da shi har ya sāke yin aiki.

Sa'ad da muke zaune a Amurka, muna da wata maƙwabciya, tsohuwa, wadda mijinta ya rasu. Mutumin ba kafinta ba ne, amma kamar magidanta da yawa a can, yana da ɗan wurin aikin katako a garejin gidansa. A nan ya bar wani inji kore, ƙura ta rufe shi, tsatsa ta ci ƙarafansa, ɓeraye kuwa sun yi gida a cikinsa. 'Ya'yanta suka ce a kira masu sayen tsohon ƙarfe. Ita kuwa ranta bai so ba. Ta ce mana in za mu iya tashe shi, mu ɗauka kyauta. In ba mu iya ba, ranar kwashe kaya za a tafi da shi.

Sunan injin Shopsmith. Wani Bajamushe, Hans Goldschmidt, wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka kafin yaƙin duniya na biyu, shi ya ƙago shi, aka fara sayarwa a 1947. Tunaninsa shi ne, mai ƙaramin gida ba shi da wurin ajiye injuna biyar, balle kuɗin sayensu, to, bari inji ɗaya ya yi aikin biyar. Yana tsaga katako da zarto. Yana juya itace a sassaƙa ƙafar tebur ko akushi. Yana goge katako da faifan samfefa, yana huda rami a kwance, in kuma aka tā da shi tsaye sai ya huda daga sama. Samfurin da ya fi suna, Mark V, ya fito a 1953, namu kuwa irinsa ne, na shekarun farko. An daina ƙera shi a shekarun 1960, sai a 1972 wani mai suna John Folkerth ya farfaɗo da sana'ar a Jihar Ohio. Wannan ya taimake mu ƙwarai, gama ginin injin bai sāke sosai ba, saboda haka kayan gyara ba su yi wuyar samu ba.

To, ga kuskurenmu na fari, ba za mu ɓoye muku ba. A gaban injin akwai wani abin murɗawa da ke ƙara gudu ko ya rage. Muna isa gida, ɗoki ya ɗebe mu, muka kama shi muka murɗa. Ya ƙi. Muka ƙara ƙarfi. Sai muka ji ƙas! Ashe ba a murɗa wannan abu sai inji yana juyawa. Dalili kuwa, a ciki akwai faifai biyu masu fuskantar juna, bel yana tsakaninsu. In suka matso kusa, sai bel ya hau sama, in suka ja baya, sai ya sauka, ta haka gudu ke sākewa daga juyi 700 a minti ɗaya zuwa 5,200. Idan inji yana tsaye, bel ba shi da hanyar hawa, sai ya cije, ƙarfin hannunka duka ya koma kan haƙoran wani ɗan ƙarfe mai laushi. Shekara sittin da ɗoriya haƙoran nan suna lafiya, mu muka cinye su cikin minti ɗaya. Kunya ta kama mu ƙwarai.

Daga ranar muka sassauta. Muka cire waya daga bango, muka buɗe kan injin a hankali. Kowane noti muka kwance sai mu sa shi a gwangwani dabam, mu rubuta inda ya fito. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, abubuwan da suka mutu da gaske kaɗan ne: bel biyu da suka bushe suka tsattsage, boris da ke ƙara kamar tsakuwa a kwano, da wayar lantarki da ɓera ya gwaigwaye. Sauran duka datti ne kawai. Tsohon giris ya haɗu da dusar katako ya daskare kamar siminti. Makonni uku muna jiƙawa da kananzir, muna kankarewa da tsohon buroshin haƙori. Ba aikin gwaninta ba ne, aikin zama ne.

Kan injin yana tafiya ne bisa bututun ƙarfe biyu masu tsawo, su kuwa sun yi ja wur. Muka goge su da samfefa mai laushi har suka yi haske. A nan ma saura kaɗan mu sāke ɓata, domin hannu ya riga ya kai ga gorar mai. Ba a sa wa bututun nan mai, gama mai yana kama ƙura ya zama laka. Kaki ake shafawa, a bari ya bushe, a goge. Wurin da ke son mai shi ne faifan nan na ciki, ɗigo kaɗan lokaci lokaci. Fenti kuwa, wani ya ba mu shawara mu sāke shi fes. Muka ƙi. Akwai wurin da tafin hannun mai shi ya goge koren har ƙarfe ya fito, muka bar shi yadda yake.

Wata magana kuma, 'yan'uwa, ku kasa kunne, ko da injinku ba irin wannan ba ne. Tashin inji ba shi ne ƙarshen gyara ba. Namu ya zo babu murfin zarto, an cire shi tun tuni, ya ɓace. Wayarsa ma ta dā ce, mai jijiya biyu, babu ta ukun da ke kai wuta ƙasa in ta zubo a jikin ƙarfe. Muka sa waya mai jijiya uku. Muka jira har aka samo murfi kafin mu ɗaura zarto, ko da yake jiran ya dame mu. Muka kuma daidaita tebur da zarto su miƙe tare, gama in sun karkace, katako yakan cije, zarto ya wurgo shi da ƙarfi ga cikin mai aiki. Tura siririn katako kuwa da sanda ake yi. Yatsa ba ya da kayan gyara a kasuwa.

Ranar da muka kunna, mun ja da baya tukuna. Ya yi gurnani kaɗan, sa'an nan muryarsa ta daidaita. Muka murɗa abin gudu, wannan karo yana juyawa, ya bi hannu sumul. Kafin mu kashe, muka mai da shi gudu mafi ƙanƙanta, kamar yadda ake yi kullum.

Abu na fari da muka yi da shi ɗan akushi ne, bai ma daidaita sosai ba. Muka kai wa tsohuwar. Ta juya shi a hannu, ta ce mana, "'Ya'yana, akushin ya yi, amma ƙarar nake so in ji." Washegari muka kawo ta gareji, muka ba ta kujera nesa da ƙura, muka kunna. Ta zauna wajen rabin sa'a ba ta ce kome ba.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa war haka, ku huta lafiya.