Kafin Mu Nemi A Kafa Mana Kulob: Jawabina A Taron Matasa



Shugaban taro, iyayenmu da suka daure suka zauna da mu har zuwa wannan lokaci, 'yan uwana matasa maza da mata, barkanku da yamma. Minti ashirin aka ba ni, kuma na san halinku, ina wucewa za ku fara leƙa waya saboda akwai wasa da daddare. To bari in tafi kai tsaye.

A cikin buƙatun da kwamitin matasa ya rubuta don a miƙa wa shugabanni, ta huɗu tana cewa a kafa mana kulob na ƙwararru a garin nan, wanda zai shiga gasar ƙasa. Da aka karanto ta, tafin da aka yi mata ya fi wanda aka yi wa ruwan sha da asibiti. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye muku ba. Shekara tara na yi ina riƙe da ƙungiyar unguwarmu, ni ne koci, ni ne ma'aji, ni ne mai wankin riguna ranar da yara suka zille. Amma da na koma gida na kwanta, tambaya ɗaya ta hana ni barci: idan an kafa shi, wa zai biya albashi a shekara ta biyar?

Zan kai ku Amurka, kada ku yi mamaki. Na zaɓe ta ne saboda ta daɗe tana gwada irin abin da muke nema, wato a ɗauko kulob a dasa shi a garin da ba shi da shi. A Ingila ba haka abin ya faro ba. Manchester United da wasunku ke mutuwa a kanta, ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa ta a 1878, Arsenal kuma ma'aikatan masana'antar makamai a 1886. Daga cikin mutane suka tsiro. A Amurka kuwa attajiri ne zai biya kuɗin shiga, a ba shi gari, a ce masa je ka nemo 'yan kallo.

Gwajinsu na farko mai girma shi ne gasar NASL. A 1975 kulob ɗin New York Cosmos, wanda kamfanin Warner ke riƙe da shi, ya ɗauko Pele. Pele fa, jama'a! Bayan shekara biyu suka ƙaro Beckenbauer na Jamus. A 1977 akwai wasan da mutum sama da dubu 77 suka shiga kallo. Masu kuɗi suka ga haka, kowa ya ce shi ma yana so. A 1978 aka faɗaɗa gasar daga kulob 18 zuwa 24, kowane sabon shiga yana ƙoƙarin kashe kuɗi irin na Cosmos alhali ba shi da aljihun Warner, ba shi da jama'ar New York. Zuwa 1984 saura kulob tara. Daga wannan kakar gasar ba ta sake buɗewa ba. Cosmos ɗin ma da ake kwaikwayo, ita ma ta bi su.

Da suka karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 1994, suka sake gwadawa, aka buɗe MLS a 1996 da kulob goma. Wannan karon sun ɗan yi hankali. Suka sa iyaka ga albashin da kowane kulob zai iya biya, kuma suka tsara cewa gasar ce da kanta ke ƙulla kwantiragi da 'yan wasa, masu kulob kuma abokan hannun jari ne a cikinta, don kada wani ya ja sauran cikin rami. Duk da haka a shekaru biyar na farko an ƙiyasta sun yi asarar dala miliyan 250. Har akwai lokacin da mutum ɗaya, Philip Anschutz, yake riƙe da kulob shida, don babu mai saye.

Ku saurari abin da ya faru a jihar Florida, don shi ne ya fi tsaya min a rai. Kowa yana cewa Florida ai gidan ƙwallo ne, cike take da 'yan asalin Kudancin Amurka waɗanda suka sha ƙwallo a nono. Aka ba su kulob biyu. Tampa Bay Mutiny tana da Valderrama, mai gashin nan na Kwalambiya da manyanmu za su tuna, amma ba ta da mai ita, gasar ce ke riƙe da ita, kuma filin haya take wasa. Miami Fusion ta shigo a 1998, sunanta Miami amma a Fort Lauderdale take wasa, wani garin daban. A kakar 2001 babu kulob ɗin da ya fi Fusion tara maki a duk gasar. Watan Janairun 2002 aka rufe ta, ita da Tampa gaba ɗaya. Ba cin wasa ta rasa ba. Mutanen da aka lissafa a takarda cewa masoya ƙwallo ne, suna gida suna kallon kulob ɗin ƙasashensu na asali a talabijin.

Wannan bai yi muku kama da wani wuri ba? Ku je gidan kallon ƙwallo na bakin tasha ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona, ba za ku samu wurin tsayuwa ba. Son ƙwallo daban, son kulob ɗin garinku daban, kuma mai cire kuɗi ya sayi tikiti don kulob ɗin garinsu ranar da aka ci su uku a makon jiya, shi ma daban ne. Wannan na ukun shi ke riƙe kulob.

Sun sake yin irin kuskuren a Los Angeles. Mai kulob ɗin Chivas na ƙasar Meziko ya ce ai garin cike yake da mutanensa, ya buɗe reshe a 2005 mai suna Chivas USA. Ya manta cewa 'yan Meziko ba duka ne ke son Chivas ba, akwai waɗanda gabarsu da ita ta gado ce. Ga shi kuma a filin abokiyar hamayyarsu LA Galaxy suke wasa, kamar ɗan haya a gidan kishiyar uwarsa. Kayan aro dai ba ya rufe katara. A 2014 aka rufe shi.

To me ya ceci gasar? Abu na farko da ni na gani shi ne fili. A 1999 Lamar Hunt ya gina wa Columbus Crew filinta na kanta, matsakaici, wanda aka yi don ƙwallon ƙafa kawai. Kafin nan kulob-kulob suna hayar manyan filayen ƙwallon zari-ruga na Amurka, mutum dubu goma sha biyar su zauna a wurin mutum dubu saba'in, wuri ya yi fayau kamar kasuwa ta watse. Kuɗin ajiye mota, kuɗin abinci da lemo, kuɗin allunan talla, kaso mai tsoka na mai fili ne. Wanda ya mallaki fili shi ke cin kasuwar ranar wasa. Daga Columbus sauran suka ɗauki darasi.

Sai kuma zaɓen gari. Seattle ta shigo a 2009, kuma tun kakar farko kusan mutum dubu 30 ke shiga kowane wasa. Ba daga sama suka faɗo ba. Sunan Sounders yana garin tun 1974, bayan NASL ta mutu an farfaɗo da shi a ƙananan rukuni, mutane suna zuwa. Da masu sabon kulob suka fito da sunaye uku a zaɓa, babu Sounders a ciki, magoya baya suka yi ca, suka rubuta shi da hannunsu, dole aka bi su. Can ne Obafemi Martins namu ya je a 2013 ya yi ta zura ƙwallaye. Ku lura, jama'ar ya tarar a wurin, ba shi ya kawo su ba.

Yanzu ana ta zuzuta MLS. Toronto ta biya dala miliyan 10 ta shiga a 2007, San Diego da ta fara wasa a 2025 ta biya miliyan 500. Messi yana Inter Miami tun 2023, kuma wani abin mamaki, filin da ya fara buga musu wasa an gina shi ne a daidai inda Fusion ta mutu. Amma ni ina ɗan ja da baya da wannan zuzutawa. Da yawa daga cikin kulob ɗin har yanzu ba sa fitar da riba a shekara, masu su suna jurewa ne saboda darajar kulob ɗin tana hawa, kuma suna da wasu harkokin da ke ciyar da su. Sannan can ba a faɗawa rukunin 'yan dagaji. Ko ka zo na ƙarshe, kujerarka tana nan baɗi. Mu nan ba mu da wannan gatan. Sporting Lagos, wadda wani matashi mai kamfanin fasaha ya kafa a 2022 da tsari mai kyau, ta hau Firimiya a 2023, kaka ɗaya ta yi ta sauko.

Wanda kuma yake ganin kuɗi kaɗai sun isa, ya dubi ƙasar Sin. Lokacin da suke ɗibar 'yan wasa daga Turai, Mikel Obi da Ighalo duk sun tafi a 2017, Martins ma daga Seattle can ya nufa. Jiangsu ta ci kofin gasar a ƙarshen 2020. Watan Fabrairun 2021 kamfanin Suning da ke riƙe da ita ya shiga matsi ya rufe ta, kofin ko ƙura bai yi ba. Guangzhou Evergrande da ta ci kofin nahiyar Asiya sau biyu, da kamfanin gine-ginen da ke bayanta ya durƙushe, ita ma ta bi shi. Wannan ba sai na daɗe a kai ba.

Mu dawo gida. Iyayenmu da ke nan sun san Raccah Rovers ta Kano da ta ci gasar ƙasa a 1978. Sun san Ranchers Bees ta Kaduna da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1988. A kudu akwai Abiola Babes da Leventis United. Ina matsayinsu yau? Mafi yawan kulob ɗin da ke Firimiyarmu gwamnatocin jihohi ke riƙe da su, kuma duk mai bin labarin wasanni ya saba jin 'yan wasa suna kukan bashin albashi da alawus. Gasar tana da kulob 20, wato wasa 19 a waje duk kaka. Ku lissafa motar da za ta ɗauki mutum talatin daga nan zuwa Uyo ko Fatakwal, da mai, da otal, da abinci, sau goma sha tara. Wannan kafin a biya kowa ko sisi.

Kano Pillars ta faɗi a 2022 ta dawo a shekara mai zuwa, kuma ko ranar da abubuwa suka lalace, Sai Masu Gida ba su daina cika filin Sani Abacha ba. Irin wannan jama'ar ba a sayen ta. Remo Stars kuma da ta ci gasar 2025, a Ikenne take, garin da bai kai wasu ƙananan hukumominmu ba, amma mai ita ya gina fili nasa, ya kafa makarantar renon yara 'yan ƙwallo, ya sha faɗuwa da hawa kafin ya ga kofi.

Ni ma na ga nawa, a ƙaramin mataki. Wata shekara wani mai neman kujera ya karɓi ƙungiyarmu. Ba zan faɗi sunansa ko jam'iyyarsa ba, don wannan ciwon babu gidan da ba ya shiga. Ya ɗinka riguna da hotonsa, ya ba mu bas, ya ɗauko yara daga nesa ya yanka musu albashi. Wata bakwai muna cikin daula. Aka yi zaɓe bai ci ba, wayarsa ta daina shiga, direba ya zo ya tafi da bas. Yara uku da aka ɗauko daga kudu, a shagona suka kwana wata biyu, sai da muka yi karo-karo muka haɗa musu kuɗin mota. Ɗaya daga cikinsu ya bar makaranta ne ya zo. Ƙungiyar da ta yi shekaru tana tafiya da ɗari biyu-biyu na 'yan unguwa, tun daga nan ba ta sake tashi ba, domin kowa ya saba akwai mai biya.

Saboda haka, shugaba, ina roƙon a gyara buƙata ta huɗu, ba a cire ta ba. A nemi a katange mana filin gari, a sa ƙofa, a yi banɗaki da wurin zama ko da na mutum dubu biyu ne, a damƙa kulawarsa ga kwamitin da ba ya sauyawa da zaɓe. Gasar unguwanni da muke yi lokacin hutu, mu fara yanka mata tikiti, ko nawa ne, mu riƙa rubuta yawan waɗanda suka biya a kowane wasa har kaka biyu. Mu je wurin 'yan kasuwar garin nan mu ji mutum nawa ne zai sa sunan shagonsa a allo ya biya duk shekara. Idan lissafin ya nuna akwai jama'a, mu yi rajista a rukunin ƙasa da yaranmu na gida, mu hau da ƙafarmu. Idan bai nuna ba, filin dai ya zama namu, yara suna wasa a ciki.

Na san wasu za su ce na kashe musu gwiwa, kuma na ga hannaye biyu a baya tun ɗazu. Ku zo mu yi muhawarar, amma duk wanda zai tashi, ya fara gaya mana sau nawa ya biya kuɗi ya shiga kallon wasa a garin nan bana.

Shugaba, na ga kana duba agogo.