Ɓuntun Shinkafa A Ƙarƙashin Kwalta



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Dikwa zuwa Gamboru Ngala ya san baƙar lakar nan da Barebari ke kira firgi. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani kuwa ta bushe ta daddare har mutum ya zura hannu cikin tsagar. Manomin masakwa yana ƙaunarta, amma kwaltar da aka shimfiɗa a kanta ba ta daɗewa sai ta farfashe. Abin da aka saba yi shi ne a kwashe lakar a jido marmara daga nesa, ko a cakuɗa ta da siminti. Duka biyun suna cin kuɗi ƙwarai.

To, ga wata hanya. Idan aka casa shinkafa buhu biyar, nauyin buhu ɗaya ɓuntu ne, wanda masana'antunmu ke jibgewa a bayan gari. In aka ƙona shi da zafin da bai wuce digiri 700 ba, tokarsa takan ƙunshi sinadarin silika fiye da kashi 80 cikin ɗari. Ita kaɗai ba ta da ƙarfin kirki. Amma in ta gamu da farin garin kabaid da masu walda ke zubarwa, wanda ainihinsa laim ne, aka ba su ruwa, sai su haifar da irin danƙon da ke cikin siminti. Danƙon nan ke ɗaure ƙwayoyin laka, ya rage mata kumburi. Tokar ɓawon rake da ƙurar masana'antar siminti su ma ana amfani da su haka.

Kada a ɗauka baƙon ilmi ne. Maginanmu na dā da katsin marina da gashin jima suke haɗa laso, su shafe soro, ruwa bai ratsa shi.

Sai dai ina jan kunnen ma'aikatan ayyuka. Tokar da aka ƙona a juji ba irin wadda aka ƙona a tanderu ba ce, kuma lakar Ngala dabam take da ta Numan. Wajibi ne a kai kowace ƙasa ɗakin gwaji, a cakuɗa, a daddanne, a bar ta kwana 7 zuwa 28, a jiƙa, a auna ƙarfinta, kafin a sa hannu a takardar kwangila.