Jawabi: tsimin makamashi a tukwanen nukiliya da makomar uraniyom na Arlit



Duk mai sayar da haja wajibi ne ya san yadda mai saye yake amfani da ita. Tun 1971 ake haƙo uraniyom a Arlit, amma kaɗan ne cikinmu suka san abin da yake zama bayan ya ƙetare teku.

A cikin uraniyom kamar yadda Allah ya halicce shi, kashi 0,7 cikin 100 kawai ne yake tsagewa cikin sauƙi ya ba da zafi, shi ne ake kira 235. Sauran kusan duka 238 ne. Ana tace shi har 235 ya kai kashi 3 zuwa 5, sannan a zuba shi a tukunyar nukiliya. Zafinsa ya mai da ruwa tururi, tururi ya juya injin lantarki.

Hanya uku masana suke bi domin tsimi.

Ta farko, a bar makamashi ya daɗe a tukunya. A shekarun 1970 tan guda yana ba da zafin gigawat-kwana 33 ko kusa da haka. Yau yana wuce 45. Shara ta ragu, tsayar da tukunya ya ragu. Amma tsimin ɗanyen uraniyom bai taka kara ya karya ba, domin sai an ƙara tacewa.

Ta biyu, sake sarrafa wanda ya ƙone. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa yana da sauran amfani. A La Hague Faransa take ware pulutoniyom, sannan a wata masana'anta daban ta gauraya shi da uraniyom ya zama MOX, wanda ta fara sakawa a tukwanenta a 1987. Kusan ushirin lantarkinta na nukiliya daga nan yake fitowa.

Ta uku ita ce mai nauyi: tukunyar da take mai da 238 pulutoniyom tana ƙona shi. A lissafi tana iya tatsar ƙarfi ninki 60. Faransa ta gwada da Superphénix, ta rufe ta a 1998 bayan tsada da yawan lalacewa. Rasha ta haɗa BN-800 da layin lantarki a 2015.

Ranar da irin wannan tukunya ta yi arha, tarin 238 da ke jibge a rumbunan masu tacewa zai ishe su shekaru aru-aru ba tare da sabon haƙa ba. Ranar ba ta zo ba tukuna, amma mun riga mun ɗanɗana faɗuwar kasuwa: laba guda ta haura dala 130 a 2007, ta faɗo ƙasa da 20 a 2016, kuma COMINAK ta rufe a 2021.

Saboda haka kuɗin uraniyom na yau a zuba su a noma da ilimi, a kuma horar da ƴaƴanmu su san lissafin tukunya kafin su zauna teburin ciniki.