Araha Ba Ta Ado: Jawabin Kwamitin Walwala a Taron Cikarmu Shekara 10



Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da ya nuna mana shekara 10 muna zubi muna kwasa, ba a taɓa jin kanmu ba. Kafin a raba abinci, ku ara mana kunnuwanku, akwai maganar da ta tsaya mana a rai.

A bana, 'yar ɗaya daga cikinmu, saura wata guda bikinta, ta ga talla a WhatsApp: allurar hasken fata, rabin kuɗi, a zo har gida a yi miki. Aka zo aka yi. Bayan 'yan kwanaki wurin ya kumbura, ya tara mugunya, sai da aka tsaga a asibiti. Kuɗin kayan ɗaki, adashin da uwarta ta shekara tana zubawa, rabinsu ya tafi magani. Mai allurar kuwa ta kashe waya. Uwar ce da kanta ta ce mu faɗa, don kada a sake.

To 'yan uwa, mu san abin da ake tsira mana. Allurar hasken fata, wadda za ku ga an rubuta glutathione a kwalbarta, hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da ita don wannan aiki ba. A nan gida, a 2023, shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Akwai Botox mai lafar da tamoji. Na gaskiya a firij ake ajiye shi, kuma aikinsa wata 3 zuwa 4 ne. Ko a Amurka, a 2024, sai da aka kwantar da mata a asibiti bayan an yi musu na jabu, wasu suka kasa haɗiya, wasu numfashi ya yi musu wuya. Akwai kuma allurar cika kumatu, leɓe ko mazaunai. In ta kuskure ta faɗa jijiyar jini, fatar wurin na iya mutuwa, a fuska kuwa har makanta takan jawo. In ruwan silikon aka ɗura, babu maganin da ke narkar da shi. Sirinji ɗaya ga mutum biyu kuma, hanyar ciwon hanta ce da cuta mai karya garkuwar jiki.

Dukkanmu nan 'yan kasuwa ne. In kika ga ana sayar da buhun shinkafa rabin kuɗinsa, ba kya tambayar me ke ciki? To haka allura. Ragin nan daga wani wuri ya fito: ko maganin jabu ne, ko wa'adinsa ya wuce, ko an sirka shi, ko mai yin ba ta da horo.

Wadda ta dage sai ta yi, ba mu zo faɗa ba, amma ta tambayi abu huɗu. Wane ne zai yi, likita ne mai rajista? A ina, asibiti ne ko falon wata? Za a buɗe kwalbar a gabanta, ta ga lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi? In abu ya ɓaci, wa zai ɗauki nauyi? Duk wadda ta ji haushin tambayoyin nan, ki ɗauki mayafinki ki fito. Wadda aka riga aka yi wa kuma, in ta ga kumburi, zazzaɓi, dishi-dishi ko nauyin numfashi, a wuce asibiti nan take. Kada kunya ta sa a tsaya shafe-shafe a gida.

Kwamiti ya kawo shawara biyu, muna neman amincewarku. Na farko, asusunmu ba zai ba da rance don irin wannan allura ba. Na biyu, masu sayar da kayan kwalliya a cikinmu ba za su yi dillancinta ba.

Iyaye da mazaje, ku ma da naku. Yarinyar da ta taso tana jin ana yabon launinta a gida, da wuya talla ta ruɗe ta. Mu daina gorin baƙi, ko da wasa.

Allah ya tsare mana lafiyarmu da dukiyarmu, ya shirya mana zuri'a, ya maimaita mana.