Da wane mudu za a auna sanin da ke cikin ƙaramin kamfani?

Ɗan kasuwar Maraɗi ya san jarinsa har dala guda, amma ba ya lissafa sanin da ke cikin kawunan yaransa. A 1992, masanan Amurka Kaplan da Norton suka nuna riba kaɗai ba ta isa awo ba; a 2018, hukumar ISO ta fitar da ƙa'ida mai lamba 30401 kan tattalin sani.

Ƙaramin kamfani, mudu uku sun ishe shi. Wata nawa sabon yaro ke yi kafin ya ƙware? Sau nawa kuskure guda ke maimaituwa? In babban makanike ya tafi gobe, garaji zai buɗe? Wanda ya rasa amsa, jarinsa na aljihun wani.