Bunƙasar Kantunan Aldi a Hannun Iyalin Albrecht

Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda ɗan kantin iyali guda a ƙasar Jamus ya yi rassa har ya ƙetare teku, ba tare da ya fita daga hannun masu shi ba.

Asalin abin a garin Essen ne, lardin masu haƙar kwal, inda iyayen Karl da Theo Albrecht suka soma ɗan ciniki a shekarar 1913, uwarsu Anna ce kuwa ke tsaron kantin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai 'ya'yan nan biyu suka komo gida suka karɓi ragama, a lokacin da ƙasa ta rushe, jama'a kuma ba su da abin hannu. A 1950 kantunansu 13 ne, zuwa 1960 sun kai wajen 300.

Dabarar da ta kai su ga haka ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Al'adar 'yan kasuwar Jamus a zamanin nan ita ce su ba mai saye wasu 'yan takardu, ya yi ta tarawa, daga baya a mayar masa da kashi 3 cikin 100 na abin da ya kashe. 'Yan'uwan sai suka zare wannan rangwame daga farashi tun a kan kanta. Sa'an nan suka taƙaita irin hajar da suke ajiyewa: abincin gwangwani, gari, sukari, da makamantansu waɗanda ba sa saurin lalacewa. Abin da ya yi kwantai, a janye shi. Ba ado, ba yawan talla, kaya na nan cikin kwalin da suka zo da shi. Hikimar ita ce, wanda ke sayen abu kaɗan amma da yawan gaske shi ke yanka wa masana'anta farashi, kuma kuɗinsa ba sa kwana a kan kanta. Har masu karɓar kuɗi haddace farashin kaya suke yi, don kada a ɓata lokaci wajen liƙa wa kowane gwangwani takarda. Wasu sun kira wannan rowa, amma matar ma'aikaci mai ƙirga kwabo ba ta gan shi haka ba.

Sai dai zama wuri ɗaya tsautsayi. A wajen 1960 saɓani ya shiga tsakaninsu, kuma labarin da ya shahara shi ne a kan sayar da taba sigari ne: Theo na so, Karl na ganin za ta jawo ɓarayi. Ba su kai ga rusa abin da suka gina ba. Ƙasar suka raba biyu, Theo ya ɗauki arewa, Karl ya ɗauki kudu, kowa ba ya shiga gonar ɗan'uwansa. A 1962 aka soma amfani da sunan Aldi, watau taƙaitawar sunan gidansu da kalmar rangwame a Jamusanci. Ɓangaren kudu ya shiga Amurka a 1976, ya shiga Ingila a 1990, na arewa kuwa ya sayi kantunan Trader Joe's na Amurka a 1979.

Arziki bai zo musu a banza ba. A 1971 aka sace Theo, aka tsare shi kwana 17, sai da aka biya fansar mak miliyan 7, kuɗin Jamus na lokacin. Tun daga nan iyalin suka ƙara janye jiki daga idon jama'a.

Game da gado kuwa, ba su sayar da hannun jari a kasuwa ba. Sun zuba dukiyar cikin gidauniyoyin iyali, yadda magada za su ci amfani amma ba za su iya yanka kamfanin su sayar ba. Theo ya rasu a 2010, Karl a 2014. Duk da wannan shinge, bayan rasuwar Berthold ɗan Theo a 2012, sai da zuriyar ɓangaren arewa suka yi shekaru a gaban alƙali kan wanda zai riƙe ɗaya daga cikin gidauniyoyin.